Makarantar Tsofaffin Tumaki

Duk wanda ya karanta tarihin dauloli ya san abubuwa uku ne ke riƙe ƙasa: doka, iyaka, da tsofaffin da ke tuna inda iyakar take. Masana sun cika ɗakunan karatu da littattafai a kan biyun farko. Na ukun aka yi wa rowar tawada, wataƙila don a inda na yi aiki tsofaffin nan ƙafa huɗu gare su, kuma yawancinsu ba haƙori.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ranar wata Asabar a bayan gidan 'yata Rifkatu, nan unguwar Sedgefield, inda ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu suka taru gashin nama. Sadiƙ, wanda ke digiri na uku a fannin kwamfuta, ya tambaye ni aikin da na yi a ƙasar Wales kafin tsufa ya kawo ni garin Greensboro na Amurka renon jikoki. Na ce masa sarkin gandu ne ni.

Ya ce, "Baba, wato property manager. Ka karɓi kuɗin haya, ka kira mai gyaran famfo. Ai app ɗaya zai yi wannan aikin kana kwance."

Rifkatu ta ce, "Ka taɓo shi. Yau ba mai komawa gida da wuri."

Ban amsa ba, don akwai nama a bakina, kuma tsohon malamin makaranta ya fi son amsa a rubuce. To ga ta.

Kimiyyar noma nake koyarwa a wata sakandare a ƙasar Zuru lokacin da na sami gurbin ƙaro karatu a Wales. A hutun farko na nemi aikin wucin gadi a wani tsohon gandu, irin wanda iyali ɗaya ke gada tun zamanin da ake yaƙi da takobi. Na je don wata uku, na yi shekara ashirin da wani abu. Gandun ya ƙunshi ƙaton gidan dutse mai yoyo, da gonakin da manoma ke haya daga kakanni zuwa jikoki, da daji, da kogi, da gefe ɗaya na wani tsauni. Mai gandun wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, kowa Uwargida yake ce mata. Ɗanta Huw yana aikin banki a Landan, yana zuwa lokaci lokaci ya duba abin da zai gada ya yi tsaki. Tsakanin uwa da ɗa, tsakanin iyali da manoma, tsakanin rufi da ruwan sama, akwai mutum ɗaya a tsaye, shi ne sarkin gandu.

Aikina na farko tafiya ce. Wanda na koya a hannunsa, Mista Pritchard, ya ba ni takalmin roba, da rigar ruwa, da sanda mai lanƙwasasshen kai, ya nuna min ƙofa. Na tambaye shi ina teburina. Ya ce tebur na wanda ya san inda ruwa ke taruwa ne. Haka na yi ta yawo ina bin shinge da magudanan ruwa, ina rufe kowace ƙofar gona yadda na same ta, a ƙasar da damina ba ta da ranar tafiya. Da yamma ya yi min jarrabawa kamar ɗan aji ɗaya. Wane bango ne ya fara ciki? Matar wane manomi ce ba ta magana da matar wane? Wace bishiya ce Uwargida ba za ta yarda a sare ba ko da ta faɗo wa motar limamin coci? Kayan aikin sana'ar ke nan: ƙafa, ido, da bakin da ya iya yin shiru. Taswira ma akwai, amma Mista Pritchard yana amfani da ita ne wajen ɗora kofin shayi.

Ya koya min dokoki biyu. Kada ka ce wa manomi "na yarda" kuna tsaye a gona, don kafin ka isa gida duk kwarin ya ji, kuma an ƙara wa maganar gishiri. Kada ka ce wa ɗan gidan "a'a" kai tsaye, ka kai shi ya ga wurin cikin ruwan sama, shi da kansa zai ce a'a. Na yi amfani da doka ta biyu har ta kusa ƙarewa.

Ranar da ya fara hawa da ni tsauni na ga abin da ya tsayar da ni cak. Tumaki ne barbaje suna kiwo, ba makiyayi, ba shinge, ba turke. Gefenmu ya haɗe da na maƙwabta, ciyawa ɗaya, duwatsu iri ɗaya. Ni da na taso inda ake rigima a kan akuya ɗaya ta shiga gonar wake, na ce, "Me ke hana su tsallakawa?"

Ya ce, "Uwayensu."

Mutanen Wales suna da kalma a harshensu, cynefin, wato wurin da dabba ta san nata ne. Tunkiya takan hau da 'yarta, ta nuna mata inda ake fakewa idan iska ta taso, da inda ruwa yake, da ƙoramar da ba a tsallakawa. 'Yar ta girma ta nuna wa tata. Ba wanda ya san lokacin da aka buɗe wannan makaranta. Shi ya sa garken ba a sayar da shi gaba ɗaya, na tsaunin ne. Manomi ya zo ya same shi, ya mutu ya bar shi. Wanda ke riƙe da shi a zamanina Emlyn ne, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda gonarsa ke gindin tsaunin. Gonar ƙarama ce. In ba don tsaunin ba, ba za ta ciyar da shi da karnukansa ba, balle iyali.

Akwai wani aiki da nake yi duk lokacin kaka, wanda ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Ana sauko da garken, a buɗe bakin kowace tunkiya a duba. Wadda haƙoranta suka fara zubewa ba za ta iya da ciyawar tsauni ba, sai a sayar da ita ga manoman bakin teku, inda ciyawa ke da laushi, ta yi ritaya tana haihuwa cikin jin daɗi. Ni ke shirya cinikin. Cikin masu saye akwai wani Mista Bowen, kuma cikin abin da ya saya akwai wata tunkiya mai baƙin tabo a gwiwa, wadda ba ta yarda da ritaya ba. Da sanyi ya janye, ciyawa ta fara tsirowa, sai ta tsallake shingensa ta kama titi, ta nufi tsauni, motoci na bin ta a baya a hankali kamar rakiyar gawa. Sai waya ta yi ƙara a ofishina.

"Yohanna, tsohuwarku ta sake tafiya. Ni tunkiya na saya, ba 'yar yawon duniya ba."

In ɗauki a-kori-kura in je in tsinto ta, in mayar, in sha shayin ban haƙuri. Ni na raɗa mata suna Gwaggo, don kallon da take yi min idan na ɗaga ta irin na ƙanwar uba ne da ta kama ka da laifi. Sunan bai ba Emlyn wahala ba, harshensu cike yake da irin wannan sautin.

Sai mummunar shekara ta zo. A lokacin Mista Pritchard ya riga ya ajiye aiki, ni ne a kujerar. Cutar baki da kofato ta shigo ƙasar, hukuma ta yanke cewa duk garken da ke kusa da inda ta ɓulla a hallaka shi. Mutane masu fararen kaya suka zo da motoci. Ba zan yi dogon bayani a kan hayaƙin ƙona gawarwakin ba. Emlyn ya wanke sandarsa ya rataye ta a bayan ƙofa, karnukansa suka yi ta zagaye fili ba abin korawa.

Abin da ya tsira kaɗan ne. Al'ada ce a kai 'yan matan tumaki na shekarar wani kwari mai ɗumi su yi hunturun farko a can, kuma cutar ba ta kai kwarin ba. Amma waɗannan hawa ɗaya suka taɓa yi da uwayensu. A makarance, ɗalibai ne da suka yi zango ɗaya aka rufe makaranta.

Da aka ɗage dokar hana zirga-zirgar dabbobi, iyali suka zauna a ɗakin littattafai, mu uku, da bokitai huɗu suna karɓar ruwan rufi. Huw ya zo da magana, kuma ina so ku sani ba mugu ba ne, lissafinsa daidai yake. Wani kamfanin katako yana son gefen tsaunin ya shuka itatuwa. Idan an sayar, rufin gidan zai gyaru. Idan an ce a ci gaba da kiwo, sai an kewaye tsaunin da waya, abin da ya fi ƙarfin gidan, don tumakin da ba su san iyaka ba za su watse har wata gunduma.

Ya ce, "Mama, abin da ke riƙe tsaunin nan yana cikin kawunan tumaki ne, kuma an ƙone kawunan."

Uwargida ta dube ni. "Yohanna, gaskiya ya faɗa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, bai yi ƙarya ba."

"Ban tambaye ka ko ya yi ƙarya ba. Emlyn fa?"

"Idan tsaunin ya tafi, Emlyn ya tafi."

Ta dubi bokiti. Sannan ta yanke hukunci irin na alƙalan da. Duk lokacin kaka akwai ranar da maƙwabta ke haɗuwa da karnukansu su kakkaɓo tumakin tsaunin gaba ɗaya, a ware na kowa ta tsagar da ke kunne. Gayya ce sak, har da abincin da ke biyo baya. Ta ce a saki 'yan tumakin a tsauni. Ranar gayya, idan namu suka sauko ta gefenmu, tsauni ya zauna. Idan aka tsinto su a garken mutane, za ta sa hannu a takardar kamfani.

Huw ya ce, "Wato makomar gidan nan tana hannun tumaki."

Ta ce, "Tun kafin a haife ka take hannunsu."

Na fito ban san ta inda zan fara ba. Doka ta biyu ba ta da amfani a nan, don ko na kai Huw tsauni cikin ruwan sama, abin da zai gani shi ne yana da gaskiya. Ina zaune a ofis ina kallon taswirar da har yanzu ke ɗauke da zoben kofin Mista Pritchard, sai waya ta yi ƙara.

"Yohanna, tsohuwarku ta sake tafiya."

Ban taɓa jin muryar ɗan Adam ta yi min daɗi kamar ta Mista Bowen a ranar nan ba. Bakin teku cutar ba ta je ba. Duk tsofaffin da muka sallama a shekarun baya suna nan da ransu, suna cin ciyawa mai laushi, da tsaunin gaba ɗaya a cikin kawunansu. Malaman makarantar ba su mutu ba, fansho suke ci.

Na ce, "Kada ka tare ta. Wace hanya ta bi?"

"Hanyar da take bi kullum. Lafiyarka kuwa?"

"Ina so in saye ta."

Ya ce, "Ka zo da wani babba."

Na je da Emlyn, wanda ya sauko da sandarsa daga bayan ƙofa tun kafin in gama bayani. Muka shiga gona gona a bakin teku muna ɗaga kunnuwan tumaki muna neman tsagarmu. Labari ya riga mu isa ko'ina, cewa baƙin mutumin gandu ya zauce, yana sayen tumakin da ba haƙori. Wani manomi ya ce idan tsofaffi nake tarawa, surukarsa tana cikin gida. Wani ya buɗe min bakin tunkiya ya ce in duba da kyau, akwai haƙori ɗaya, ko ya cire min shi kafin mu yi ciniki? Amma da Emlyn ya gaya musu dalili cikin harshensu, dariyar ta sauya. Wata mata ta loda mana biyu ta ƙi karɓar komai, ta ce mu dai gaya mata yadda aka ƙare. Muka dawo da a-kori-kura cike da tsofaffi, har da Gwaggo da muka tsinto a hanya, suna leƙe ta gefe, kuma tun daga nesa, da ƙamshin tsaunin ya bugi hancinsu, suka fara kuka gaba ɗaya kamar mata sun hango garinsu daga cikin mota.

Ranar sakin ita ce ranar da na fi so a duk shekarun aikina. Muka haɗa tsofaffi da yara a garka ɗaya mai shinge a gindin tsauni na 'yan kwanaki don su saba da warin juna. Da safe Emlyn ya buɗe ƙofa. Yaran suka yi cirko-cirko, wasu suka nufi hagu, wasu dama, irin fitar ɗalibai idan an kaɗa ƙararrawa. Gwaggo ta fito a ƙarshe, tana ɗingishi, ba ta dubi kowa ba. Ta kama wata siririyar hanya da ni ban taɓa lura da ita ba, ta miƙe sama. Sauran tsofaffin suka bi ta, kowace ta ware ta nufi inda aka haife ta, wannan ƙarƙashin dutse mai baki, waccan bakin marmaro. Yaran suka tsaya, suka duba, sai ɗaya ta bi, sai biyar, sai duka. Tsaunin da ya yi wata da watanni ba motsi ya cika da fararen ɗigo suna hawa a jere.

Emlyn, wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, ya cire hularsa ya ce, "Ga hedimasta can ta koma ofis."

Kada ku zaci daga nan hutu ne. Maƙwabcinmu na yamma shi ma an hallaka garkensa, gefensa ya zama fili da ciyawa har gwiwa, ba tunkiyar da za ta tunkuɗo tamu idan ta shiga. Yaro kuwa, na mutum ko na tunkiya, idan ya ga abinci ba mai tsaro sai ya manta tarbiyya. Don haka kullum da asuba ni da Emlyn da karnuka muna kan ƙoramar iyaka muna mayar da masu tsallake, sannan in sauko in saka taye in je in saurari ƙorafin manomin da bututun hayaƙinsa ya toshe. Tsofaffin ma ba duka suka jure ba. Ciyawar ta yi musu tauri, sai da muka riƙa hawa musu da abinci a buhu, wasu kuma muka same su sun kwanta a inda uwayensu suka haife su ba su tashi ba. Amma a hankali masu tsallaken suka ragu. Wata safiya na zauna bayan dutse na ga wata 'yar tunkiya ta zo bakin ƙorama, ta dubi ciyawar tsallake, ta dubi Gwaggo da ke kwance tana tuƙa, ta juya. Na koyar da yara shekaru, ban taɓa samun ɗalibin da ya faranta min rai haka ba.

Ranar gayya gari ya waye da gajimare zaune a kan tsauni, ba a ganin komai sai jin fito da haushin karnuka daga sama. Uwargida tana cikin tsohuwar motarta da bargo a gwiwa. Huw ya zo daga Landan da sabon takalmin roba mai sheƙi, manoma suna gaishe da takalmin kafin su gaishe shi. Muka tsaya a bakin garkarmu muna jira. Garken maƙwabcin gabas ya sauko ta gefensa. Na wani ya sauko. Namu shiru.

Huw ya ce, "Yohanna, ba na jin daɗin wannan, ka sani."

Na ce, "Na sani."

Sai muka ji kuka daga cikin gajimaren, daidai saman kanmu. Suka ɓullo ta siririyar hanyar nan, a jere, Emlyn a baya yana ɗaga sanda, Gwaggo can tsakiya tana ɗingishinta. Suka yi ta zubowa kamar an buɗe famfo. Huw ne ya fi kusa da ƙofar garka, ya ruga ya buɗe, ya zame ya zauna cikin taɓo, ya riƙe ƙofar a zaune har ta ƙarshe ta shige. Da aka gama duba kunnuwa a garkokin maƙwabta, namu da aka samu a cikinsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, abin da ko a shekarun lafiya akan samu.

Uwargida ta sauke gilashin mota. Ta ce, "Huw, ka gaya wa mutanen katako mun gode. Kuma ka sayo ƙarin bokiti."

Huw ya dubi wandonsa ya ce, "Na yi gardama da lauyoyi na ci. Yau tsohuwa mara haƙori ta kayar da ni."

Emlyn ya zauna a gonarsa. 'Yarsa ce ke riƙe da ita yanzu, kuma duk lokacin kaka tana turo min hoton garken a waya, in nuna wa jikokina, su ce min "nice" su koma wasansu. Jikokin jikokin ɗaliban nan ne ke tsayawa a bakin ƙorama su juya, har gobe ba waya, ba shinge.

To, Sadiƙ, ga aikin da app zai yi kana kwance. Zai san wace uwa ce ba a ce mata a'a, da wane ɗa ne ke da gaskiya amma bai kamata ya yi nasara ba. Zai sha shayin ban haƙuri shekara da shekaru a gidan mai ƙorafi ba tare da sanin ranar da ƙorafin zai yi amfani ba. Idan ka ƙera shi ka kawo min, zan ba shi takalmin roba in nuna masa ƙofa.

Na san tambayar da za ku yi, don Rifkatu ta riga ku da ta karanta wannan. Ta ce, "Baba, Gwaggo fa? Ai ta cancanci a gina mata gunki a ƙofar gidan."

Bayan gayya akan yi wa maƙwabta liyafa a babban gida. Uwargida ta sa aka buɗe mata bakin Gwaggo ta duba da kanta, ta ce wannan ba za ta ga wani hunturun ba, kuma a gidan nan ba a ɓarna. Ita aka ci. Naman ya yi tauri.